Fastocin Wasan Daɓe: Daga Bangon Landan Zuwa Ƙofar Silimar Kano

Fastar wasan kwaikwayo takarda ce mai gajeren kwana. Ana buga ta ne don ta yi mako ɗaya ko biyu a jikin bango tana kiran jama'a zuwa kallo, daga nan ruwan sama ya wanke ta, ko a zo a liƙa wata a kanta. 'Yan kaɗan da suka tsira daga cikin waɗanda aka buga a ƙarni na 19 da farkon ƙarni na 20 yanzu sun zama kayan tarihi. Ana ajiye su a manyan ɗakunan karatu da gidajen tarihi na Turai da Amurka, masu sha'awa kuma suna sayen su da kuɗi masu kauri. Dalilin wannan daraja a fili yake. Wasan daɓe ba ya barin sawu; da zarar an saki labule 'yan kallo sun watse, shi ke nan ya wuce. A zamanin da babu na'urar ɗaukar hoto mai motsi, fasta ce ta rage tana nuna abin da mutane suka biya kuɗi suka kalla, da abin da ke sa su kuka ko tafi.

Wasannin da waɗannan fastoci suka fi tallatawa su ne waɗanda ake kira melodirama, wato wasan da aka gina a kan karon nagari da mugu, aka cika shi da kiɗa da tashin hankali da abubuwan ban mamaki. Tarihinsu ya shafi Bahaushe kai tsaye, domin salon da aka fara a Faris da Landan shi ne ya bi ta Bombay ya shiga finafinan Indiya, ya sauka a silimun Kano da Kaduna da Zariya, daga bisani ya bayyana a fastocin finafinan Hausa.

Daga rubutu zalla zuwa hoto mai launi

Tallar wasa ta farko a Turai rubutu ce zalla. Doguwar takarda ce da ake jera sunan wasa da sunayen 'yan wasa da kuɗin shiga da lokacin farawa. Da gasa ta yi zafi tsakanin gidajen wasa, sai aka koma amfani da manyan haruffa na katako, ana lissafa kowane fage na wasan da kalmomin zuga. Wanda bai iya karatu ba kuwa sai ya jira a karanta masa.

Wanda ya buɗe ƙofar hoto mai arha shi ne Alois Senefelder, a birnin Munich na Jamus, a 1796. Shi kansa ɗan wasa ne kuma marubucin wasanni, neman hanyar buga rubuce-rubucensa da kuɗi kaɗan ne ya kai shi ga abin da ya gano. Idan aka yi zane da alli mai maiƙo a kan shafaffen dutsen farar ƙasa, aka jiƙa dutsen da ruwa, sannan aka bi shi da tawada mai maiƙo, tawadar za ta kama wurin zanen kaɗai, tun da mai da ruwa ba sa shiri. Sai a ɗora takarda a danne, zanen ya fito. A 1837 Godefroy Engelmann ya yi rajistar hanyar buga launuka da wannan dabara a Faransa, inda kowane launi ke da nasa dutsen, takarda ɗaya kuma ta bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya.

Jules Chéret ne ya mayar da abin sana'ar titi. Ya buɗe maɗaba'arsa a Faris a 1866, ya nuna cewa da duwatsu uku ko huɗu, na ja da na rawaya da na shuɗi, ana iya fitar da hoto mai ɗaukar ido daga nesa. Ya zana fastoci fiye da 1,000 a rayuwarsa. Bayansa manyan masu zane suka shigo. Henri de Toulouse-Lautrec ya yi wa gidan rawa na Moulin Rouge fasta a 1891, Alphonse Mucha kuma ya zana wa shahararriyar 'yar wasa Sarah Bernhardt fastar wasan Gismonda, wadda aka wayi gari da ita a bangayen Faris a farkon Janairun 1895. Tsawonta ya kai kimanin mita 2, kuma ta burge mutane har wasu suka riƙa bin dare suna yanke ta daga bango. A Amurka, kamfanin Strobridge na birnin Cincinnati ya yi fice wajen buga wa gidajen wasa da masu wasa da dabbobi manyan fastoci.

Irin wasan da ake tallatawa

Melodirama ta yi ƙarfi a Faris bayan juyin juya halin Faransa na 1789, lokacin da talakawan birni suka cika gidajen wasa. Jagoranta shi ne Guilbert de Pixérécourt, wanda aka ruwaito yana cewa domin waɗanda ba su iya karatu ba yake rubutu. Gidajen wasan sun taru a titin Temple, kuma saboda yawan kisa da sata da cin amanar da ake nunawa kowane dare, mutane suka yi masa laƙabi da Titin Laifi. A 1802 Thomas Holcroft ya juya wani wasan Pixérécourt zuwa Ingilishi da sunan A Tale of Mystery, aka nuna shi a Landan.

Wata doka ta taimaka wa salon a Ingila. Har zuwa 1843, gidajen wasa ƙalilan ne a Landan, musamman Drury Lane da Covent Garden, ke da izinin nuna wasa na magana zalla. Sauran gidajen sai suka riƙa raka wasanninsu da kiɗa don su kauce wa dokar. Kiɗan ya zama jinin wasan: akwai na shigowar mugu, akwai na kukan marainiya, akwai na lokacin da jarumi ya iso ceto.

Taurarin wasan ba sa canzawa sosai. Akwai yarinya mai mutunci da aka zalunta, da saurayi mai gaskiya wanda sau da yawa aka yi masa ƙage, da mugu mai kuɗi ko mai riƙe da takardar bashi, da tsohon uba da ya rasa ƙarfi, da ɗan barkwanci mai sassauta zukata. Labarin kan zagaya a kan gādo da aka danne, ko jariri da aka sace, ko auren dole, ko wasiƙar da ta ɓace sai a ƙarshe ta tona asiri. 'Yan kallo ba sa zama shiru. Suna yi wa mugu ihu, suna gargaɗin jaruma, suna tafi idan gaskiya ta yi halinta. Yawancinsu mutane ne da suka baro ƙauye suka zo birni aikin masana'anta, suna fama da mai gidan haya da mai bin bashi, don haka wasan da ke ƙarewa da faɗuwar azzalumi yana ba su abin da rayuwa ke hana su.

Abin mamaki a kan daɓe

Da gidajen wasa suka girma har suna ɗaukar dubban mutane, magana kaɗai ta daina isa. Dole a nuna wa ido wani abu. Tun a 1804 gidan wasa na Sadler's Wells ya gina katafaren tafki a ƙarƙashin dandamalinsa, inda aka nuna yaƙin jiragen ruwa. Hasken iskar gas ya shiga gidajen wasan Landan a 1817, abin da ya ba da damar rage haske da ƙara shi yadda ake so, wutar lantarki kuma ta biyo baya a gidan Savoy a 1881.

Dion Boucicault, mutumin ƙasar Ailan, shi ya mayar da fagen ban mamaki ginshiƙin wasa. A cikin The Poor of New York na 1857 an nuna gidan bene yana ci da wuta. Da ya ga wasan ya karɓu, sai ya riƙa sauya masa suna gwargwadon garin da aka je, ya zama na Liverpool a Liverpool, na Landan a Landan, masu fasta kuma su zana titunan da mutanen garin suka sani. A 1867 Augustin Daly ya fito da Under the Gaslight a New York, inda mugu ya ɗaure wani tsohon soja mai hannu ɗaya a kan titin jirgin ƙasa, jarumar wasan ta fasa ƙofar ɗakin da take kulle da gatari, ta janye shi daf da wucewar jirgi. Da Boucicault ya saka irin wannan fage a wasansa After Dark a 1868, Daly ya kai ƙara kotu a Amurka kuma ya yi nasara, abin da ke nuna cewa fagen ban mamaki ya zama dukiya.

Wasa biyu ne suka kai wannan fasaha ƙololuwa. Na farko shi ne Ben-Hur, wanda aka fara nunawa a New York a 1899. A fagen tseren karusai, dawakai 8 na gaske ne ke sukuwa a kan daɓe. An tsayar da su a kan wasu faifai masu zagayawa a ƙarƙashin kofatansu, ta yadda suna gudu amma ba sa barin wurin. A bayansu wani dogon zane na filin tsere yana naɗewa yana tafiya baya, ana hura iska tana kaɗa tufafin mahaya, har ƙafar karusar mugu ta cire. Wasan ya shafe shekara 21 yana zagaya garuruwa. Na biyu shi ne The Whip, na gidan Drury Lane a 1909. Mugu ya kwance taragon da ke ɗauke da dokin tsere ya bar shi a kan titi, aka fitar da dokin da ƙyar, sai ga jirgi ya taho ya afka wa taragon, kan jirgin ya kife yana fitar da tururi a gaban 'yan kallo. Bayan wannan kuma aka rufe da tseren dawaki na gaske.

Akwai ɓangaren da ya kamata mai karatu na Afirka ya lura da shi. Drury Lane ta riƙa mayar da yaƙe-yaƙen mulkin mallaka abin kallo. Human Nature na 1885 ya taɓo yaƙin Sudan, Cheer, Boys, Cheer na 1895 kuma yaƙin da aka yi da Matabele a kudancin Afirka. A irin waɗannan wasanni da fastocinsu, sojan Ingila ne jarumi, mutanen da aka mamaye ƙasarsu kuwa su ne abin tsoro. Fastocin sun zama shaidar yadda aka koya wa talakan Ingila kallon Afirka.

Yadda fasta ke kama mai wucewa

Mai zanen fasta ba ya ƙoƙarin ba da labarin duka. Yakan zaɓi daƙiƙa ɗaya, wadda numfashi ke tsayawa a cikinta, ya daskarar da ita: fitilar jirgi ta doso, mutum yana ɗaure, gatari yana sama. Abin da zai biyo baya sai an biya kuɗin ƙofa. Fastocin Uncle Tom's Cabin, wasan da aka ciro daga littafin Harriet Beecher Stowe na 1852 a kan bauta a Amurka, sun fi nuna baiwa Eliza rungume da ɗanta tana tsallaka kogi a kan ƙanƙara, karnuka na bin ta. Karnukan ƙari ne na masu wasa, kuma su suka fi jan 'yan kallo.

Takarda ɗaya ta fasta tana da faɗin kimanin santimita 70 da tsawon kimanin mita 1. Ana haɗa 3, ko 8, ko har 24 a fitar da hoto guda mai rufe bangon gida. Kafin ayarin 'yan wasa ya iso gari, wakilinsu ya riga su da daurin fastoci da bokitin gam. Ƙananan ƙungiyoyin da ba su da kuɗin zane na kansu sukan sayi fasta gama-gari, mai hoton gobara ko faɗa ko ceto, su buga sunan wasansu a ƙasa. Saboda haka ba kowane abin da fasta ta nuna ake gani a daɓe ba, kuma masu binciken tarihi kan gwada ta da rahotannin jaridu kafin su gaskata ta.

Silima ce ta kashe kasuwar waɗannan wasanni, domin kyamara na iya ɗaukar jirgi na gaske da kogi na gaske da kuɗi kaɗan. An mayar da The Whip fim a 1917, Ben-Hur kuma a 1925 da 1959. Maɗaba'un da ke buga wa gidajen wasa fasta suka koma buga wa kamfanonin fim, da salonsu da girman takardunsu.

Ta Bombay aka biyo

A 1853 'yan ƙabilar Farsi mazauna Bombay suka fara kafa ƙungiyoyin wasan daɓe. Sun ɗauki labule mai zane da na'urorin dandamali da tsarin mugu da jarumi daga Turawa, suka haɗa da tatsuniyoyin Indiya da na Farisa, da waƙa da rawa, cikin harsunan Gujarati da Urdu da Hindi. Ayarinsu ya zagaya Indiya har da ƙasashen maƙwabta. A ɗaya ɓangaren, mai zane Raja Ravi Varma ya kafa maɗaba'ar dutse a Bombay a 1894, hotunansa masu launi suka shiga gidajen talakawa. Dadasaheb Phalke, wanda ya yi fim ɗin Raja Harishchandra a 1913, ya taɓa aiki da wannan maɗaba'a.

Fim ɗin Indiya na farko mai magana, Alam Ara na 1931, daga wasan daɓen Farsi aka ciro shi, kuma yana da waƙoƙi 7. Marubuta da mawaƙa da 'yan wasan daɓe suka kwarara cikin harkar fim da duk kayan aikinsu. Fastocin kuma da hannu ake zana su, da manyan fuskoki da launuka masu zafi. M. F. Husain, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu zanen Indiya, da zanen allunan silima ya fara neman abinci a Bombay a shekarun 1930.

Wasa da talla a ƙasar Hausa

Bahaushe yana da wasannin kwaikwayonsa tun kafin zuwan Turawa. Akwai tashe a watan azumi, da wasan gauta da matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa, da 'yan kama masu kwaikwayon malamai, da kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona. Babu ɗayansu da ke buƙatar takarda. Sanƙira da maroƙi da ganga su ke sanar da jama'a, lokacin wasan kuma kowa ya san shi.

Rubutaccen wasa ya zo ta makarantun boko. R. M. East ya fitar da Six Hausa Plays a shekarun 1930, Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni na sukar zalunci tun yana ɗalibi, sai Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada. Waɗannan wasanni na gyaran hali ne, ƙarfinsu yana cikin magana da karin magana, ba sa neman jirgi ko doki a kan daɓe. Haka abin yake a Nijar, inda ƙungiyoyin samariya da 'yan wasa irin su Yazi Dogo suka riƙe jama'a da iya baki. Rediyo da talabijin ne suka yaɗa sunayen 'yan wasa irin su Samanja da Kasimu Yero da Karkuzu.

Masu yawo da wasa gari-gari da fastoci a hannu daga kudu suka riƙa zuwa. Fitaccensu shi ne Hubert Ogunde, wanda ayarinsa ke zagaya unguwannin Sabon Gari na Arewa. Wasansa Bread and Bullet ya taɓo harbin ma'aikatan haƙar kwal da 'yan sandan mulkin mallaka suka yi a Inugu a watan Nuwamban 1949. Da ya kawo shi Kano a 1951, hukuma ta hana nuna shi, aka kuma ci shi tara saboda liƙa fastoci ba da izini ba. Wannan ya nuna cewa tun a lokacin masu mulki sun san nauyin takardar da ke jikin bango.

A silima ne dai Bahaushe ya haɗu da melodirama sosai. An buɗe Rex a Kano a 1937, wasu suka biyo baya, irin su Palace a cikin birni, da El Dorado da Plaza da Orion da Marhaba. Harkar ta gamu da baƙin ciki, domin gobarar silimar El Duniya a watan Mayun 1951 ta ci rayuka 331. Irin wannan masifa ta sha afka wa gidajen kallo a wasu ƙasashe, kamar gobarar Exeter ta Ingila a 1887 da ta kashe mutum 186 ana tsakiyar nuna melodirama. A Kano gobarar ta ƙara ƙarfafa ra'ayin masu ganin silima wurin ɓata tarbiyya ce, kuma hakan na cikin abin da ya sa matan aure ba sa zuwa.

'Yan kasuwa Kwarori masu silimun ne suka fara shigo da finafinan Indiya daga shekarun 1950, kuma nan da nan suka fi na Amurka kasuwa. Auren dole, da biyayya ga iyaye, da kunya tsakanin saurayi da budurwa, da attajirin da ke danne talaka, duk abubuwa ne da ɗan kallo ya sani a gidansu. Fasta takan zo tare da faifan fim, a kafa ta a allo a ƙofar silima tun da rana. Samari su taru suna nazarinta, suna tantance wane ne jarumi wane ne bos, suna ƙiyasta yawan faɗa da waƙa kafin su yanke shawarar sayen tikiti. Ba a buƙatar jin Indiyanci ko iya karatu. Fastar Mother India na 1957 ta nuna Nargis tana saɓe da garma, fuskarta cike da wahala. Duk manomin da ya taɓa cin bashi kafin kaka ya fahimci labarin daga wannan hoto. 'Yan kallo sun laƙaba wa taurarin sunayen Hausa: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Hotunansu suka bar ƙofar silima suka shiga shagunan teloli da garejin makanikai da jikin motocin haya.

Fasta da kwali a zamanin finafinan Hausa

Ƙungiyoyin wasan daɓe na Kano ne suka haifi fim ɗin bidiyo na Hausa. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990. Marubutan littattafan soyayya, waɗanda bangon littattafansu ke ɗauke da zanen hannu mai launi, su ma suka shigo, kamar Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna. Zuwa 1999, shekarar da Sangaya ya fito, aka fara buga mujallar Fim, sunan Kannywood kuma ya bayyana, waƙa da rawa da rikicin soyayya sun zauna daram.

A wancan zamani bugaggiyar takarda ita ce kuɗin sana'ar. Furodusa yakan buga kwalayen kaset dubbai ya sayar wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata, su kuma su kwafi fim ɗin a kaset su saka a kwalin. Yawan kwalin da aka sayar shi ne ribar mai fim. Fasta kuwa ita ke share wa kwali hanya. An daina zane da hannu, an koma haɗa hotuna a kwamfuta, amma tsarin bai sauya ba: jarumi da jaruma a tsakiya, kishiya ko mugu yana harara daga gefe, wata tana hawaye a lungu, ɗan barkwanci a ƙasa, sunan fim da manyan haruffa ja ko rawaya.

Ta wannan hanya fasta ta kai inda silima ba ta taɓa zuwa ba. A ƙauyuka irin Gwaska ta ƙasar Birnin Gwari, da sauran garuruwan da ke gefen dajin Kamuku, kayan kallo sun riƙa biyo 'yan kasuwa ne daga Kaduna ko Funtuwa ranar kasuwa. Mai gidan kallo ya tayar da janareto bayan isha'i, fastar da ya liƙa a ƙofa, ko allon da ya rubuta da alli, ita ce tallarsa. Idan fim ya tsufa, fastar takan koma bangon shagon aski ko ɗakin samari. Rashin tsaron da ya addabi yankin, ciki har da harin da 'yan bindiga suka kai Gwaska a watan Mayun 2018 wanda ya ci rayuka da dama, ya rage zirga-zirgar kasuwa da taron dare. Wayar hannu kuma ta ƙarasa sauya al'amarin ko'ina. Yau fim yana zuwa ne ta hannun masu turawa a waya, ko ta YouTube da tashoshi irin Arewa24, fasta kuma ta zama ɗan hoton da ake dannawa a allon waya.

Abin da ya rage a adana

Ƙasar Gana ta ba da darasi a nan. A shekarun 1980 da 1990 masu yawo da bidiyo ƙauye-ƙauye sun riƙa sa a zana musu fastoci da fenti a kan buhunan fulawa. Da aka daina yayinsu, masu tara kayan tarihi daga waje suka saye da yawa, yanzu a Turai da Amurka ake baje kolinsu. Gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan da Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka suna riƙe da dubban fastocin wasan daɓe, an tsara su, an ɗauki hotonsu, kowa na iya dubawa a intanet.

Fastocin silimun Arewa da na finafinan Hausa na farko suna cikin haɗari, domin takardarsu mai arha ce, ga gara, ga danshin damina, ga zafin rana mai cinye launi. Yawancin tsoffin silimun an rufe su ko an mayar da su wani abu dabam. Alhali a cikin waɗannan takardu akwai tarihin sutura da kwalliya, da sunayen kamfanoni da 'yan wasan da suka riga mu gidan gaskiya, da yadda rubutun Hausa ya riƙa sauyawa.

Adana su ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A shimfiɗa fasta ba tare da ninkewa ba, a raba kowace da 'yar'uwarta da farar takarda, a nisanta ta da rana da danshi, kada a liƙe yagewa da salatif, a rubuta sunan fim da shekara da garin da aka same ta da fensir a bayanta, sannan a ɗauki hotonta. Cibiyoyi irin su Arewa House da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da sassan nazarin wasan kwaikwayo na jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero, su ne suka fi dacewa su jagoranci tattarawa. Tsoffin ma'aikatan silima, da masu maɗaba'a, da 'yan kasuwar kaset, da masu gidajen kallo na karkara, su ne ke riƙe da ragowar. Ya kamata a neme su tun suna raye, duk wanda ke da irin wannan takarda a ƙasan akwati kuma ya kai ta inda za a kula da ita.